Aiki a Jirgin Ruwan Yawon Shaƙatawa

Jiragen ruwa iri-iri ne. Akwai na dakon kaya, irin waɗanda ake gani a tashar Apapa ta Legas ko ta Onne a Jihar Ribas, an shaƙe su da kwantenoni. Akwai na dakon mai, da na kamun kifi, da kuma na yaƙi. Wanda za mu yi magana a kansa a wannan darasi ya bambanta da waɗannan duka. Ba ya dakon kaya, kuma fasinjojinsa ba wani gari suke sauri su isa ba. Sukan shiga a wata tasha, jirgi ya zaga da su mako guda ko biyu yana tsayawa a tsibirai da biranen bakin teku, sa'an nan ya dawo da su inda ya ɗauke su. Shi ake kira jirgin ruwan yawon shaƙatawa.

A da, jirgin ruwa shi ne babbar hanyar tsallaka teku. Daga 1951 zuwa 1974 akwai wani jirgin fasinja mai suna Aureol, na kamfanin Elder Dempster, wanda yake kai da komo tsakanin Ingila da Legas. Tafiyar takan ɗauki kusan mako biyu, kuma ɗaliban Nijeriya da yawa a cikinsa suka tafi karatu. Da jirgin sama ya yawaita, tafiyar mako biyu ta koma ta sa'o'i kaɗan, sai fasinjoji suka guje wa jirgin ruwa. Wasu kamfanoni suka durƙushe, wasu kuwa suka sake dabara. Tun da mutane ba sa bukatar jirgin ruwa don su isa wani wuri, sai aka mai da zaman cikin jirgin kansa ya zama abin sayarwa.

Gari guda a kan ruwa

Domin ku fahimci girman abin, mu ɗauki jirgi ɗaya. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean an ƙera shi a ƙasar Finlan, kuma ya fara ɗaukar fasinja a watan Janairu na 2024 daga birnin Mayami na Amurka. Tsawonsa kimanin mita 365 ne, wato ya fi filin ƙwallon ƙafa uku idan aka jera su. Yana da hawa 20. Idan ya cika maƙil yakan ɗauki fasinja kusan 7,600, ga kuma ma'aikata kimanin 2,350. A cikinsa akwai gidajen abinci, da kantuna, da wuraren ninƙaya, da dandalin wasan kwaikwayo, da ƙaramin asibiti.

Idan kuka raba yawan fasinjoji da yawan ma'aikata, za ku ga cewa kusan kowane fasinja uku suna da ma'aikaci guda. Kaɗan ne daga cikin ma'aikatan nan suke da hannu a tuƙin jirgi. Kyaftin da mataimakansa su ne masu tuƙi, injiniyoyi kuma suna can ƙasa suna kula da injina, da wutar lantarki, da na'urar da take mai da ruwan teku ya zama ruwan sha. Sauran, waɗanda su ne mafi yawa, aikin otal suke yi. Akwai kuku da masu taya shi, da masu kai abinci tebur, da masu gyaran ɗaki, da masu wanki da guga, da masu shara, da masu ɗaukar hoto, da makaɗa, da masu kula da yara, da likita da nas. Mutanen Filifin da Indunusiya da Indiya su ne suka fi yawa a cikinsu, amma a jirgi guda akan sami 'yan ƙasashe hamsin ko fiye. Turanci ne harshen aiki a yawancin waɗannan jirage.

Abu guda nake so ku riƙe kafin mu ci gaba. Ma'aikacin banki ko malamin makaranta, idan an tashi aiki, gida yake komawa. Ma'aikacin jirgin ruwa kuwa gidansa da wurin aikinsa ɗaya ne, har tsawon watanni. Kusan duk daɗin aikin daga nan ya samo asali, haka nan kusan duk wahalarsa.

Abin da yake jan hankalin matasa

Na taɓa tambayar ɗalibaina ko akwai mai sha'awar irin wannan aiki. Fiye da rabin aji suka ɗaga hannu, kuma da na nemi dalili, duk bakinsu ya zo ɗaya: ganin duniya. Ba su yi kuskure ba. Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi. Jiragen nan suna bin yanayi ne. Da bazarar Turai da yawansu sukan koma tekun Bahar Rum, suna tsayawa a Basalona da biranen Italiya da tsibiran Girka, wasu kuma su nufi Alaska ko Norwe. Idan sanyi ya shigo sai su gangaro tsibiran Karibiyan. Yaron da bai taɓa fita daga jiharsu ba yana iya taka ƙasa goma a shekara guda, ba tare da ya biya kuɗin tafiya ba.

Amma idan ka tambayi waɗanda suka daɗe a aikin, ba yawon ne yake riƙe su ba, kuɗi ne. Ba wai albashin yana da yawa sosai ba. Idan aka gwada shi da na ma'aikacin otal a Amurka ko Ingila, ƙarami ne. Sirrin yana wurin kashewa. Ma'aikacin jirgi ba ya biyan kuɗin haya, ba ya sayen abinci, ba ya biyan kuɗin wuta ko na ruwa, ba ya shiga mota zuwa wurin aiki. Idan ya yi rashin lafiya, likitan jirgi ne zai duba shi. Saboda haka abin da aka biya shi, da dala ko da yuro, kusan duka yana iya ajiyewa ko ya aika gida. Masu kai abinci da masu gyaran ɗaki kuma suna da rabo a cikin tukwicin da fasinjoji suke bayarwa, wanda kamfanoni da yawa suke sa wa fasinja a cikin lissafinsa na kowace rana. Da irin wannan tari ne mutane da yawa a Filifin da Indunusiya suka gina gida, suka biya wa ƙannensu kuɗin makaranta, ko suka kafa ƙaramar sana'a.

Akwai kuma horo. Wanda ya yi shekara biyu a kicin ɗin da yake ciyar da mutum dubu biyar sau uku a rana ya koyi tsabta, da sauri, da kiyaye lokaci, irin koyon da kowane babban otal a duniya zai girmama. Mai ƙwazo yana iya farawa daga wanke kwanuka ya kai ga shugaban sashe.

Sa'o'in aiki

Yanzu mu sauka ƙasa, inda fasinja ba ya zuwa. Kwantiragin ƙaramin ma'aikaci yakan kasance na wata shida zuwa tara. A cikin waɗannan watanni babu ranar hutu. Babu Asabar, babu Lahadi. Ranar Sallah da ranar Kirsimeti ma aiki ake yi, hasali ma lokacin bukukuwa jirgi ya fi cika. Abin da ake samu shi ne hutun sa'o'i, ba na kwana ba.

Akwai doka a kan wannan. A 2006 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya a kan haƙƙin ma'aikatan jiragen ruwa, wadda ta fara aiki a 2013, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da ita. Yarjejeniyar ta ce dole ma'aikaci ya sami hutun da bai gaza sa'a 10 ba a cikin kowace sa'a 24, da kuma sa'a 77 a cikin kwana bakwai. Ku yi lissafi da kanku. Mako guda sa'a 168 ne. Idan aka cire 77, saura 91. Ke nan ana iya sa mutum aikin sa'a 91 a mako ba tare da an karya wannan ƙa'ida ba. Ma'aikacin gwamnati a Nijeriya, mai zuwa ofis ƙarfe takwas ya tashi ƙarfe huɗu, sa'a 40 yake yi. Ba kowa ne yake kai wa 91 ɗin ba, amma aikin sa'a goma zuwa sha biyu a rana ba abin mamaki ba ne a jirgi.

Kuma sa'a goman nan ta hutu ba lallai ne ta zo a dunƙule ba. An yarda a raba ta biyu, muddin kashi ɗaya ya kai sa'a shida. Mai kai abinci yana iya tashi da asuba ya yi hidimar karin kumallo, ya ɗan kwanta da rana, ya dawo abincin dare, bai gama share tebur ba sai wajen sha ɗayan dare. A cikin hutun nan ne zai yi wanka, ya ci abinci, ya wanke kayansa, ya kira gida, ya yi barci.

Rana mafi wuya ita ce ranar da jirgi ya koma tasharsa. Da safe dubban fasinjoji za su sauka da akwatunansu, kafin azahar wasu dubbai sun fara shiga. Tsakanin saukar waɗancan da shigar waɗannan sai an canja zanen gado na kowane ɗaki, an wanke kowane banɗaki, an kwashe shara, an loda abincin mako guda. Da yamma jirgi ya sake tashi, kuma sababbin baƙi suna sa ran a tarye su da fara'a, kamar ma'aikacin yanzu ya tashi daga barci. Fara'ar nan ma wani ɓangare ne na aikin, domin fasinjoji sukan rubuta ra'ayinsu a ƙarshen tafiya, kuma ra'ayin yana shafar ci gaban ma'aikaci.

To, ina batun ganin duniya? A nan ne karin maganar nan take zuwa: hangen Dala ba shiga birni ba. Dala dutse ne a Kano wanda matafiyi yake hangowa tun daga nesa, alhali da sauran tafiya a gabansa. Jirgi yakan tsaya a tasha daga safe zuwa yamma kawai. Idan lokacin ya faɗa a kan aikinka, ba za ka sauka ba. Ko ba ka da aiki, doka ta tilasta a bar wani adadi na ma'aikata a cikin jirgi saboda ko-ta-kwana, kuma akan yi wannan bi da bi. Idan ka sami sa'a uku, sai ka zaɓa tsakanin yawo da barci. Akwai wanda ya je Basalona sau goma, amma abin da ya sani a birnin bai wuce kantin da yake kusa da tasha ba. Makaɗa da masu aikin kantin jirgi sun fi samun damar fita, domin kantunan jirgi a rufe suke idan yana tsaye a tasha.

Ɗakin kwana

Ɗakunan ƙananan ma'aikata suna hawan ƙasa, wasu ma ƙarƙashin ruwa suke, don haka ba su da taga. Yawanci mutum biyu ne a ɗaki, gado ɗaya a bisa ɗaya, da ɗan ƙaramin banɗaki. Ba kai kake zaɓar abokin zama ba. Yana iya zama ɗan wata ƙasa mai wata al'ada, yana dawowa daga aiki lokacin da kai kake kwanciya. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa, kuma a nan babu inda za ka je ka huce. Akwai wani dogon lungu da ya ratsa jirgi daga gaba zuwa baya a hawan ma'aikata, wanda suke yi wa laƙabi da I-95, sunan wata babbar hanyar mota a Amurka. A nan rayuwarsu take gudana, tsakanin ɗakin cin abincinsu, da wurin wanki, da ofishin biyan albashi.

Matsayi yana da ƙarfi ƙwarai a jirgi. Manyan jami'ai suna da ɗaki nasu su kaɗai, kuma suna iya cin abinci a inda fasinjoji suke ci. Mai wanke kwanuka kuwa ba shi da izinin hawa sama sai da dalilin aiki.

Sabon shiga yakan sha fama da jiri da tashin zuciya idan teku ta yi fushi, ko da yake manyan jirage suna da na'urar rage tangaɗi, kuma jiki yakan saba. Musulmi zai tarar alƙibla tana sauyawa duk lokacin da jirgi ya karkata, kuma lokacin shan ruwa da azumi yana canjawa daga tasha zuwa tasha. Amma abin da ya fi ciwo shi ne kewa. Ana haihuwa, ana aure, ana rasuwa a gida, mutum yana tsakiyar teku. Intanet ta tauraron ɗan'adam ta sauƙaƙa abin a 'yan shekarun nan, har uwa tana iya ganin ɗanta ta waya. Sai dai ganin yaro ta waya daban, ɗaukarsa daban.

Tutar wa jirgi yake ɗauke da ita?

Ga wani abu da yake ba ɗalibai mamaki. Icon of the Seas daga Amurka yake tashi, kuma babban ofishin kamfaninsa yana Mayami, amma jirgin yana da rajista ne a ƙasar Bahamas, kamfanin kuma a ƙasar Laberiya aka yi masa rajista. Yawancin manyan jiragen shaƙatawa haka suke, suna ɗauke da tutar Bahamas, ko Panama, ko Malta. Dalili shi ne, a tsakiyar teku dokar ƙasar da jirgi yake ɗauke da tutarta ita ce take aiki a cikinsa. Kamfanoni sukan zaɓi ƙasar da harajinta yake da sauƙi. Wannan ne ya sa mai gyaran ɗaki a jirgin da yake tashi daga Mayami ba ya samun mafi ƙarancin albashi na Amurka. Idan kuma rigima ta taso tsakaninsa da kamfani, neman haƙƙi yana da wuya, domin shi ɗan wata ƙasa ne, jirgin na wata ƙasa, kamfanin kuma yana wata. A ganina wannan ita ce babbar matsalar aikin, ta fi tsawon sa'o'i, domin gajiya da barci take tafiya.

Idan hatsari ya auku

Kowane ma'aikaci, har mai ɗaukar hoto da makaɗi, yana da aiki na biyu, wato aikin ceto. An ba shi lamba da wurin da zai tsaya idan aka busa ƙahon gaggawa, kuma ana yin atisaye a kai a kai. Ba wasa ba ne. Ranar 13 ga Janairu, 2012, jirgin Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, ya kife a gefe guda, mutum 32 suka mutu. Daga baya kotu ta yanke wa kyaftin ɗin, Francesco Schettino, ɗaurin shekara 16. A daren nan masu dafa abinci da masu kai abinci suna cikin waɗanda suka taimaka wa fasinjoji shiga kwale-kwalen ceto.

Cuta ma tana saurin yaɗuwa a inda dubban mutane suke cunkushe. A watan Fabrairu na 2020 aka killace jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan saboda cutar korona. Akwai mutum kusan 3,700 a ciki, fiye da 700 suka kamu. An umarci fasinjoji su zauna a ɗakunansu, amma ma'aikata suka ci gaba da dafa abinci suna kai musu har ƙofa. Cikin watan Maris harkar ta tsaya cik a duniya. Fasinjoji suka koma gida, dubban ma'aikata kuwa suka maƙale a teku wata da watanni, saboda ƙasashe sun rufe iyakokinsu.

Hanyar shiga

Ɗan Nijeriya mai son wannan aiki yana bukatar fasfo, da takardar shaidar lafiya, da littafin ma'aikacin jirgin ruwa wanda hukumar NIMASA take bayarwa. Dole kuma ya yi horon farko na kare rai a teku, wanda aka fi sani da STCW. A nan ake koyon kashe gobara, da taimakon gaggawa, da yadda ake tsira a cikin ruwa. Jirgin da yake shiga Amurka yana bukatar biza ta musamman ta ma'aikatan jirgi. Mai son tuƙi ko aikin injiniya sai ya yi dogon karatu, kamar a makarantar koyon aikin jirgin ruwa da take Oron a Jihar Akwa Ibom. Mai son ɓangaren otal kuwa, abin da aka fi tambayarsa shi ne ƙwarewar da ya samu a otal ko gidan abinci.

A yi hattara da 'yan damfara. Sukan yi talla a Facebook da WhatsApp, su sa hoton jirgi da tambarin kamfani, su ce a turo kuɗin fom ko kuɗin gurbi. Yarjejeniyar 2006 ta hana dillalin ɗaukar ma'aikata karɓar kuɗi daga hannun mai neman aiki don ya sama masa gurbi. Abin da mutum zai biya da kansa shi ne fasfonsa, da littafinsa, da gwajin lafiyar da dokar ƙasarsa ta tanada. Duk wanda ya ce a biya shi kafin a ga takardar aiki, a bincike shi a shafin kamfanin tukuna.

Idan kwantiragi ya ƙare, kamfani ne yake biyan kuɗin jirgin sama zuwa gida. Hutun yakan kai wata biyu, amma ga yawancin ƙananan ma'aikata albashi yakan tsaya ranar da suka sauka, don haka abin da aka tara shi za a ci. A kwanakin farko wasu sukan ji kamar ƙasa tana tangaɗi a ƙarƙashinsu, saboda jiki ya saba da motsin ruwa. Sukan farka da asuba a firgice, suna zaton sun makara. 'Yan'uwa suna ta zuwa gaisuwa, kowa da bukatarsa, domin an san daga waje aka dawo. Ƙaramin yaro da aka bari yana rarrafe yanzu yana gudu, kuma sai ya yi kwana biyu yana ɓuya a bayan uwarsa kafin ya yarda da baƙon. Wajen mako na shida saƙo yakan shigo waya, ɗauke da sunan jirgi, da sunan tasha, da ranar da za a shiga.